KARNUKAN DA MUKA BARO A KUFAI: WA ZAI RIƘE SU?

Na san tun daga kan take wasu za su ce, "Yo kai kuwa, ana kashe mutane, ana sace mata da yara, kai kare ne damuwarka?" Na ji, kuma ban ga laifin mai faɗar haka ba. Ni ma ɗan Faskari ne, ba labari aka ba ni ba. Na tsaya a sahun jana'izar da ban san adadinta ba, na kuma sa hannu a karo-karon kuɗin fansa fiye da sau ɗaya. Amma don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe, domin maganar karen nan, in kun bi ta a sannu, za ku ga a kan 'ya'yanmu take ƙarewa.

Duk lokacin da aka zauna lissafin asarar da muka tafka a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, akan ƙirga rayuka, a ƙirga shanu, a ƙirga rumbunan da aka ƙone da gonakin da suka koma daji. Haka ya kamata. Ba wanda ya manta da abin da ya faru a Kadisau a watan Yunin 2020. Ba wanda ya manta da daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A shekarar ce sojoji suka kafa babban sansani a nan Faskari. A 2021 gwamnati ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, a watan Satumba kuma aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun nan. A 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma, waɗanda muke ce wa 'yan C-Watch. A tsawon waɗannan shekaru ɓarayin daji suna cin karensu ba babbaka, ƙauyuka kuma suna ta watsewa ɗaya bayan ɗaya. To a duk ƙauyen da ya watse akwai wani mazauni da ba ya shiga lissafin kowa, shi ne karen gidan.

Wanda bai taɓa ganin gudun hijira da idonsa ba, bari in faɗa masa yadda abin yake. In an samu sararin kwasar kaya, mai mota zai ɗora maka buhun masara, ya ɗora katifa, ya ɗaure akuyarka da kajinka, ya caje ka kuɗinsu. Kare kuwa, ko ninki biyu za ka biya ba zai yarda ba, in ma ya yarda fasinja ba za su yarda ba. Sannan ina za ka da shi? Ajin firamare za a sauke ku, ko kangon wani, ko ɗaki guda a gidan ɗan'uwa da shi ma da ƙyar yake ci da iyalinsa. Wa zai iya buɗe baki ya ce, "Af, ga kuma karena"? Saboda haka sai a tafi a bar shi. Ban kira wannan rashin imani ba. Wanda ke gudun ceton ransa da goyo a baya, ba a tambayarsa ina karensa.

Mutanen birni da dama sun ɗauka kare a ƙauye abin banza ne mai yawo a juji. A wajenmu ma'aikaci ne. Shi ke korar birai daga gonar masara. Shi ke kwana a bakin garken awaki. Shi ke bin maharbi daji da rani, ya kamo zomo da gafiya, miyar gidan ta samu nama. A 'yan shekarun nan kuma ya samu wani aiki da ya fi duk waɗannan: shi ke fara jin motsin baƙon dare tun kafin mai gida ya farka. Ku tambayi mutanenmu na ƙauyukan Ruwan Godiya ko na wajen 'Yankara, mutum nawa ne haushin kare ya ba su 'yan mintocin da suka tsallaka katanga suka shige dawa? Za ku ji labarai har ku gaji.

To me ke faruwa da wannan ma'aikacin bayan an tafi? Kwanakin farko yana kwance a ƙofar gida yana jiran masu shi. Da yunwa ta ci ƙarfinsa sai ya fara bi ta kan kajin da suka rage. Daga nan ya haɗu da 'yan'uwansa na sauran gidaje su zama gungu, su ci mushe, su ci duk abin da suka tarar. Waɗanda suka taɓa zuwa ɗauko gawarwakin 'yan'uwanmu bayan kwana biyu ko uku sun san abin da nake nufi, ba sai na fayyace ba. Daga ƙarshe sai gungun ya biyo sawun mutane zuwa bakin gari, wajen kwata, bayan kasuwa, kan bola. Karya wata biyu take ɗaukar ciki, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Kafin ka ankara an samu kwikwiyoyin da tunda suka zo duniya hannun ɗan Adam bai taɓa miƙa musu ƙanzo ba. Abin da suka sani game da mutum shi ne jifa.

Nan ne maganar ta iso kan 'ya'yanmu. Ciwon haukan kare, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu, wajen kashi 99 cikin 100, daga kare suka samo shi. Kimanin 4 cikin kowane 10 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake: yaro ne ke tsokanar kare, yaro ne gajere da cizo ke samunsa a fuska ko a wuya, yaro ne kuma ke ɓoye ciwon don tsoron duka. Ƙwayar cutar takan yi wata biyu zuwa uku a jiki shiru, wani lokaci sati guda, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, yaro ya fara firgita in ya ga ruwa, yawu na zuba, to likita ba shi da sauran abin yi sai ban haƙuri. Kusan ba wanda ke tashi.

Bara wani kare ya ciji ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara bakwai, a hanyarsa ta dawowa daga makarantar allo. Ba wanda ya san karen, ba wanda ya sake ganinsa. Muka je wani asibiti aka ce babu allurar. Muka je na biyu, haka. Sai a wani gari muka samo ta a kantin magani, kuɗin kuwa sai da uban ya sayar da tunkiyar matarsa. Alhamdu lillahi yaron yana nan lafiya. Amma uban da ba shi da tunkiya fa? Mafi yawan waɗanda ke kwana a bakin gari, kusa da inda gungun karnukan nan ke yawo, su ne 'yan gudun hijirar da ba su da komai. Ka ga kenan karen da aka baro a kufai, shi ne zai biyo ɗan mai shi har inda ya gudo.

Yadda na shiga wannan sha'ani kuwa, ta dalilin kawuna ne. Maharbi ne, tsoho, ya haura saba'in. Da ƙauyensu ya tashi aka kawo su gari a mota, shi da iyalinsa. Bayan kwana biyu sai ga karnukansa biyu sun iso da ƙafa, wani baƙi da yake kira Duna da wata karya ja, tafiyar da ta fi kilomita ashirin. Allah kaɗai ya san yadda suka gano gidan. Mai gidan da ya ba su masauki mutumin kirki ne, bai karɓi ko sisi ba, amma ya ce shi kam ba a ajiye masa kare, kuma gidansa ne, yana da gaskiyarsa.

Na tarar da Kawu zaune a gindin bishiya a waje, karnukan na kwance kusa da ƙafarsa, duk kaska ta cika musu kunne.

Na ce, "Kawu, ai sai haƙuri. Ko a kai su bayan gari a sake su?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗan nan, karyar nan ita ta tashe mu daren da suka shigo. Da ba don Allah ya sa ta yi haushi ba, da yanzu ta'aziyyata kake karɓa. Yanzu a ce in kai ta bayan gari in juya mata baya? Da wane ido?"

Na ce, "To Kawu ya kake so a yi?"

Ya ce, "A samo mini wanda zai riƙe su amana. In Allah ya sa mun koma gida in karɓi abina. In na mutu a nan, ya riƙe, na bar masa."

Kafin in fara neman mai riƙo sai da na je wajen malaminmu, don na san tambayar farko da kowa zai yi mini ita ce ta addini. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutane na ƙyamar kare, suna cewa najasa ne, ga shi kuma an bar mini amanar guda biyu." Malam ya yi murmushi ya ce mu da muke bin mazhabar Imamu Malik ya kamata mu fi kowa sanin wannan mas'ala. A Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai umarni ne da ake bi don ibada. Ya ce shari'a ta halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, abin da aka yi gargaɗi a kansa shi ne ajiye shi haka kawai ba wata buƙata. Ya tuna mini labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ruwa da takalminsa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha har ta mutu. Sannan ya ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai: a fiƙihu, duk wanda ya mallaki dabba, ciyar da ita wajibi ne a kansa, in ya kasa sai ya nema mata wanda zai iya.

Cikin sati guda muka samu wani mai lambu a wajen dam ɗin Mairuwa, wanda ɓarayin tumatir da na injin ban ruwa suka addabe shi. Muka kai masa karnukan a gaban mai unguwarsu, aka yi magana baki da baki, aka yi addu'a. Wata na uku da na leƙa, Duna har ya yi ƙiba, mai lambun kuma ya ce tunda suka zo ba a sake taɓa masa ko tiyo ba. Daga nan labari ya bazu. Yau wannan ya zo, "An ce kai ne mai nema wa karnuka gida." Gobe wancan ya aiko. Har abokaina suka laƙaba mini Sarkin Karnuka, na ce na karɓi sarautar, a kawo rawani.

Wani ɗalibi ɗan unguwarmu ya ce mini ai wannan abin da nake yi Turawa sun daɗe suna yinsa. Gaskiya ne. A Landan akwai gidan karnuka na Battersea, wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa tun 1860, kuma har yau yana aiki. A Ingila da Amurka in aka tsinci karen da aka yasar ko aka wulaƙanta, akan kai shi irin wannan gida, a duba lafiyarsa, a yi masa allura. Daga nan sai a nemi wanda zai riƙe shi na ɗan lokaci har ya murmure, sannan a nemi wanda zai ɗauke shi dindindin. Su kansu sun gane cewa tara karnuka a keji ba shi ne mafita ba, gidan mutum ake nema musu.

Sai na ce masa to mu ai ba sai mun je Landan koyo ba. Mene ne riƙo? Ba mu ne ke ba gwaggo ɗa ta riƙe har ya girma ba? Mene ne ba da kiwo? Ba mu ne ke kai wa 'yar'uwa a ƙauye akuya ta kiwata, in ta haihu a raba ba? Fulani ma suna da habbanaye, inda mai shanu ke ba wanda ya rasa aron saniya, ta haifa masa 'yan maruƙa, sannan ya mayar da uwar. Tsarin yana nan a jininmu, kare ne kawai ba mu taɓa tunanin sa shi a ciki ba. Ni kam ba zan goyi bayan a gina wa karnuka gida a garin da marayu ke kwana a ajin firamare ba, wannan cin fuska ne. Balle tara karnuka da yawa wuri guda ba likita ba abinci, tara cuta ne. Abin da ya dace da mu shi ne kowane kare a haɗa shi da gidan da ke da aikin da zai yi. Ba a buƙatar bulo ko guda.

Daga abin da muka gani a wannan ɗan lokaci, ni da wani malamin dabbobi mai ritaya da wasu maharba biyu, ga ƙa'idojin da muka tsaya a kansu, ko wani zai amfana a garinsu:

Na ɗaya, karen da ya ciji mutum, ko aka ga halinsa ya canza, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da ƙasa, ko ya yi laƙwas muƙamuƙinsa ya saki, ba a ba kowa shi. A killace shi daga nesa, a kira malamin dabbobi. Wanda ya yi cizo alhali da alamar lafiya, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10.

Na biyu, sai mai aiki ake ba kare: mai lambu, makiyayi, maharbi, mai gona a bakin gari. Yaron da ya zo yana so don wasa ko don haɗa su faɗa, ba ma ba shi.

Na uku, allurar rigakafin hauka kafin a miƙa shi. Daga wata uku da haihuwa ake fara yi, a kuma maimaita duk shekara. In mai karɓa ba shi da kuɗin, mukan yi karo-karo.

Na huɗu, a yi a gaban shaida, mai unguwa ko liman. A faɗa a fili: riƙo ne ko kyauta? In riƙo ne, duk ranar da mai shi ya zo, a ba shi abinsa ba gardama. In karya ce ta haihu a hannun mai riƙo, 'ya'yan nasa ne.

Na biyar, ba a sayarwa. Wanda ya gaji ya dawo mana da shi.

Na shida, sati biyun farko a ɗaure shi a inuwa, da kaskonsa na ruwa da na abinci, mutum guda ya riƙa ba shi da hannunsa. In ba haka ba, daren farko zai kama hanyar kufai. Abincinsa kuwa ba wani abu ba ne, ƙanzo ne da ragowar tuwo da dusa, sai ɗan ƙashi ranar kasuwa.

Zuwa yau karnuka 14 suka bi ta hannunmu. Tara suna nan a inda aka kai su. Uku masu su sun karɓe su da suka koma gida. Ɗaya ya tsinke igiya ya koma ƙauyensu, wani da ya je duba gonarsa ya ce ya gan shi kwance a ƙofar gidan da ba rufi. Ɗaya kuma wanda aka ba amana ya sayar wa fataken karnuka, ya ce wai ɓata ya yi, sai daga baya gaskiya ta fito. Na san 14 ba komai ba ne a kan abin da ke yawo a dazukanmu. Amma 14 ɗin nan an yi musu allura, kuma ba sa cikin gungun da ke bin yara a bayan kasuwa.

Tunda na ambaci fatake, bari in ɗan tsaya a nan. Kowa ya san ana zuwa har ƙasarmu ana sayen karnuka, a loda su a keji a yi kudu da su. Akwai babbar kasuwarsu a Dawaki, ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato. Ban zo zagin abincin kowa ba, kowa da al'adarsa. Abin da ya dame ni shi ne, karen da ba a san lafiyarsa ba, a cusa shi cikin keji da wasu gommai suna cizon juna, a ratsa jihohi da su, cutar ake yi wa jigila kyauta. Likitocin dabbobi na jami'o'inmu sun sha gano ƙwayar haukan a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni, alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Mai kamawa da mai fiɗa duk suna cikin haɗari.

Sai masu cewa, "Ai abin mai sauƙi ne, a sa musu guba a huta." Na ga inda matasa suka yi haka, suka zuba fiya-fiya a kayan ciki suka watsa a bola. Karnukan daji masu wayo kaɗan ne suka ci. Waɗanda suka mutu su ne karnukan gida masu yarda da mutane, da kajin maƙwabta, da ungulayen da dama sun kusa ƙarewa. Ga kuma yara na wasa a wajen. Bayan 'yan watanni wasu sababbin karnukan suka cike gurbin, don bolar tana nan, kwatar tana nan. Masana lafiya sun daɗe da tabbatar da cewa kashe karnuka barkatai ba ya kawar da ciwon hauka. Abin da ke kawar da shi shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, sai cutar ta rasa inda za ta tsallaka. Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa. A Injamena, nan Chadi maƙwabciyarmu, an yi gangamin allurar karnuka a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta yi ƙasa warwas a birnin. Meziko kuwa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da haukan da ake ɗauka daga kare. Mu ma a nan gida, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, tana haɗa allurar. Kuma kuɗin yi wa kare guda rigakafi bai kama ƙafar kuɗin alluran mutum guda da aka ciza ba.

Amma fa ba a yi wa kare allura sai an kama shi, kuma ba a kama shi sai yana da wanda ya yarda da shi. Shi ya sa nake ta nanata maganar riƙo. Karen da ke da mai shi, ana iya jawo shi da igiya a kai wa malamin dabbobi. Wanda ya shekara biyu a daji, sai dai a yi kare jini biri jini. Ba zan ɓoye muku ba, akwai waɗanda sun riga sun fi ƙarfin riƙo, akwai kuma marasa lafiyar da dole a kashe. Wannan aikin ma'aikatan dabbobi ne, a yi shi da sauri ba azabtarwa, a binne gawar da zurfi. Ba aikin yara da duwatsu ba ne.

Saboda haka ina da roƙo.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu uku da sashen kula da dabbobi: a ware rana, ko sau ɗaya a shekara, a kawo allurar karnuka kyauta a manyan garuruwa irin su Sheme da Daudawa da Mairuwa da 'Yankara, a sa sankira ya yi shela tun ana saura sati. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, ga dalili nan a shirye. A kuma tabbatar akwai allurar mutane a asibitocinmu, kada uba ya riƙa yawo gari gari da yaro a bayan mashin.

Ga malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya: minti biyar a huɗuba kan haƙƙin dabba ya fi rubutuna ɗari. Mutane da yawa suna jifan kare suna ganin lada suke samu.

Ga sarakunan baka da shugabannin maharba: ku kuka san kare, ku kuka san wanda ke buƙatarsa. Littafi guda na naira kaɗan ya isa a rubuta wane ya baro kare, wane yana nema.

Ga iyaye: in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, kafin komai a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa, har tsawon minti 15. A duba agogo, kada a kintata. Sannan a nufi asibiti a ranar, a karɓi alluran duka har a gama, kada a tsaya a ta farko don an ga rauni ya bushe. Ƙona gashin karen a shafa ba ya kashe wannan ƙwayar. Kuma ku gaya wa yaranku ba za a doke su ba in sun faɗa.

Ga 'yan'uwanmu da suka fara komawa ƙauyuka tun bayan zaman sulhun 2025, Allah ya sa ya ɗore: karnukan da za ku tarar a kufai ba lallai su ne waɗanda kuka baro ba, ko da kamanninsu ɗaya. Kada ku bar yara su tunkare su. Wanda ya gane ku ya zo yana kaɗa wutsiya, ku ɗaure shi ku sa masa ido, ku nema masa allura, ku mayar da shi bakin aikinsa. Ya jira ku iya jira.

A yanzu haka akwai kwikwiyoyi biyu 'yan wata huɗu, an yi musu allura, da wani tsohon karen garke mai sanyin hali wanda mai shi ya rasu a watan jiya, matarsa kuma ba ta da inda za ta ajiye shi. Duk mai lambu ko mai awakin da ke da buƙata a yankin Faskari, ya yi mini magana, mu je gaban mai unguwarsu. Wanda ba shi da wurin riƙo amma zai iya ɗaukar nauyin allurar kare guda, shi ma ƙofa a buɗe take.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ya sa a ƙarƙashin kulawarmu, mai magana da marar magana. Amin.